Linzami Marar Igiya

Hannuna ya fara rawa tun bara.
Shekara talatin da ɗaya ina jan layi a ofishin safiyo,
taswirar kududdufan kuza daga Bukuru har Barikin Ladi,
layi ko ɗaya bai taɓa kauce mini ba.
Yanzu Rahinatu ta aiko mini da allo daga Legas,
allon gilashi, sai an shafa shi yake magana.
In nufi nan, yatsa ya sauka can.
In ce buɗe, ya ji goge.

Ta ce, Baba, ka sayi linzami.

Na sauka Taminus da sanyin safe, hula har kunne.
Dachung ya zaro ɗaya daga kwali,
ɓera baƙi, sumul, ba wutsiya.
A cikinsa akwai ɗan haƙori,
wai shi ake cusa wa na'ura su fahimci juna.
Na kai gida. Bakin allona bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Na juya haƙorin sama, na juya shi ƙasa,
na hura ramin kamar idon yaro da ƙasa ta faɗa.
Shiru.

Kashegari na koma, keke ya sake cin kuɗina.
Dachung ya yi dariya, ya ba ni benci.
Ya ce, laifina ne, ban tambayi gidan da zai shiga ba.
Ya nuna mini wani faranti da ake shafawa,
ya ce wannan kam sai 'yan gidansu yake ji,
in baƙo ne rabin magana yake amsawa.
Ga wani ɓeran, gwanjo ne, amma yana jin bulutut,
ba ruwansa da haƙori,
ta iska yake gaisuwa.

Da dare ƙanƙara ta gama dukan kwano, aka kawo wuta.
Na sa batir. 'Yar fitila shuɗiya ta hau ƙifta ido.
Allon ya ce yana nema.
Ya yi ta nema.
Na buga wa Dachung, ya ce
har yanzu yana riƙe da tsohon maigidansa,
wata kwamfuta a wata ƙasa, ƙila ma ta mutu tuni.
Danna maɓallin cikinsa, ka ƙirga biyar, zai manta.

Biyar kacal.
Na jima zaune ban danna ba.

Da na danna, sai allon ya fara jero makusanta,
bango bai hana shi ba:
wayar Sabi'u mai shayi,
talabijin ɗin wani da ban sani ba,
lasifikar Kangyang,
wadda ke miƙo mana gwaten acca ta kan katanga
kafin shekarar da muka ƙara wa katangar bulo uku.
Na huɗu, ga ɓerana.

Na miƙa yatsa. Ka san halin yatsan.
Kan sunanta ya sauka.
Waƙar da ke tashi can bayan katanga ta ɗauke ɗif,
na ji muryarta, ta tsufa ita ma:
Wane ne wannan kuma?

Na gyara murya. Na ce, ni ne.
Ta ce, au, Malam. Yaya sanyi?
Na ce, lokacinsa ne.

Sai a karo na uku na dace.
Fitilar ta daina ƙiftawa.
Na zaci kibiya zan gani, ashe ɗigo ne,
ɗan ɗigo toka-toka yana jira a tsakiyar gilashi.
Na kwantar da tafina a bayan ɓeran,
tebur ya ɗauke mini rawar.
Na ja layi daga hagu zuwa dama.
Ya ɗan karkace wajen ƙarshe.
Ban goge ba.